Dardir da Ƙafar Aro

Mijin yayata ne, saboda haka ina da izinin faɗin aibinsa kafin in zo kan alherinsa. Dardir mutum ne mai taurin kai da rowar magana. Idan ka gaishe shi da safe, sai wajen azahar zai tuna bai tambaye ka iyali ba. Shekara arba'in da biyu ke nan yana auren Badriyya, kuma har yau ban taɓa jin ya kira ni da sunana ba. "Mai hoto" yake ce mini, kamar ɗaya daga cikin masu bin Turawa da kyamara a bakin kogi, alhali ni Mahrus na shekara talatin ina ɗaukar hoton ƙashi da huhu a wani asibiti a Luksor.

Zarbar dabino ita ce sana'arsa. Kullum yana zaune a ƙasa a rumfar ƙofar gida, ƙafa ɗaya a miƙe, babban yatsan ƙafar ya danne zarba, ƙarfen huji a hannun hagu, guduma a dama. Da haka yake yin kejin tattabaru, da akwatin tumatir, da kujeru, da gadaje. Ba ƙusa, ba gam. Huji ne kawai, sai sanda ta shiga huji ta zauna daram. Tun daga bakin titi za ka ji bugun gudumarsa, kuma matan unguwa da shi suke gane lokacin ɗora tukunya ya yi.

Wajen mahaifinsa ya koya, Hajji Azab, tun muna zaune a kan dutse a tsakiyar kaburburan mutanen dā, kafin gwamnati ta sauko da mu sababbin gidaje. Kowa ya san abin da ake faɗa a kan mutanen dutse: wai duk gidan da ka shiga akwai rami a ƙarƙashin gado, kuma daga ramin nan ake ci. Ba duka ƙarya ba ce. Amma idan ana wannan zance, akwai suna ɗaya da ake cirewa gefe, a ce ban da Hajji Azab, shi bai taɓa taɓa kayan matattu ba. Hotonsa na nan a bangon ɗakin Dardir, da farin rawani da carbi.

Shekara tara Dardir da Badriyya suka yi ba haihuwa, sannan Allah ya ba su Nagwa, kuma daga ita ba su ƙara ba. Hajji Azab yana kwance ba lafiya lokacin, amma da ya ji labari sai ya sa aka zaunar da shi, ya ce a miƙo masa tsohon ƙarfen hujinsa. Da hannunsa ya yi wa jikarsa gadon jarirai, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe. Wata biyu bayan suna ya rasu. Gadon kuwa, da yarinya ta girma, Badriyya ta mayar da shi wurin ajiye albasa.

Dardir bai iya karatu ba sai na Fatiha da gajerun surori, amma shi ya riƙa tsallaka kogi da Nagwa a jirgin fito kowace safiya har ta gama sakandare, ga shi kuwa ba abin da ya tsana kamar jirgin fito. Ta yi karatun likita, ta ƙware a karanta hoton cikin jiki, sannan ta ce digirinta na uku a kan mumiya za ta yi, wato busassun gawarwakin nan na mutanen dā. A jami'a a Alƙahira abokan karatunta kan tsokane ta, su ce 'yar ɓarayin kabari ta zo duba abin da kakanninta suka rage. Ita kuma ta ɗaga kai ta ce musu ita jikar Hajji Azab ce, su je dutse su tambaya.

Da aka ba ta izinin ɗaukar hoton mumiyoyin da ke wata ma'ajiya a yammacin kogi, asibitinmu aka zaɓa, kuma ni ne mai kunna na'ura. Safiyar Juma'a ake kawo su, lokacin da ba marasa lafiya, mu gama kafin kiran salla. Na'urar sikanin ce, irin wadda ake tura mutum cikinta a kwance, ta nuna maka jikinsa yanki-yanki kamar an yanka burodi, ba tare da an kwance ko zare ɗaya na likkafaninsa ba. Direban da ke kawo su ba ya kunna rediyo a hanya, kuma duk inda ya shiga rami sai ya waiwaya ya ce, "Afuwa."

Na ɗauka aikin zai yi sauƙi, tunda majinyaci ne da ba ya motsi, ba ya tari, ba ya tambayar ko zai mutu. Ashe na yi kuskure. Mai rai jikinsa da ruwa, jini na gudu, komai na wurinsa, da ido ɗaya ma na san hanta na san saifa. Mumiya kuwa an cire mata kayan ciki, an busar da ita da kanwa, an cusa mata ƙyalle da ƙasa da dusar katako, an zuba mata narkakken ƙaro. Komai ya yanƙwane ya bar mazauninsa. Ƙaron nan idan ya daskare, a hoto fari yake fitowa kamar ƙashi. In ka ga tsaga a ƙashi, na'ura ba za ta gaya maka ko da ransa ya karye ba, ko a hannun masu yi masa sutura, ko ɓarayin shekara dubu da suka wuce ne, ko kuwa wani ɗan dako ne ya sake shi a ƙasa zamanin kakana. Akwai likitan da ya rantse mana ya ga ƙari a cikin wata mata, aka yi wata biyu ana murna, daga baya aka gane dunƙulen ƙyalle ne.

Lamba goma sha bakwai shi ne ya canza mana komai. Namiji ne, ba akwati, ba suna, rajistar ma'ajiya ba ta ce komai a kansa ba sai cewa an ƙwace shi a hannun wani ɗan kasuwa a tashar jirgin ƙasa, shekaru saba'in da suka wuce. Ma'aikatan jinya suka sa masa Ammu Sabir, wato kawu mai haƙuri, saboda haƙurinsa. A ƙafarsa ta hagu, ƙasa da gwiwa, ƙashin ya rabu biyu. Can ƙarƙashin naɗe-naɗen likkafani akwai zarba biyu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, da huji-huji a jere, an zura igiya an ɗaure. A kewayen karayar kuma ga wani farin abu ya taru, irin yadda sabon ƙashi ke taruwa idan karaya ta fara kamawa.

Nagwa ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Kawu, ɗori ne. Karan ɗori ne wannan. An ɗora shi da ransa, kuma ya yi aƙalla wata ɗaya bayan haka."

Shekara uku ta yi a kan ƙafar nan. Ta auna, ta kwatanta, ta rubuta, har malaminta Dakta Hilmi ya sa mata ranar da za ta gabatar da kundinta gaban manyan malamai a Alƙahira. A nan zan faɗi nawa laifin. Tun farko na lura ƙashin ƙaurin hagu ya fi na dama tsawo da kusan faɗin yatsa, kuma ko mai ɗorin ƙauye ya san karaya gajarta ƙafa take yi. Na faɗa mata sau ɗaya a hankali, ta ce ai tazarar da ke tsakanin ƙasusuwan ce, ni kuma na bar maganar a nan. Ta riga ta nuna mini sunana a shafin godiya, kuma ina son ganinsa a wurin.

Saura sati uku ta tafi, wata Juma'a muka taru a gidan Dardir cin abincin rana. Badriyya ta yi miyar lalo da zomo, ga burodin shamsi, wanda ake shanyawa a rana ya kumbura, da zafinsa. Nagwa ta buɗe kwamfutarta a kan tabarma.

"Baba, zo ka ga sana'arka," in ji ta. "Kullum kana cewa zarba ba ta kai mutum ko'ina. Ga ta nan ta kai shekara dubu biyu da ɗari biyar."

Dardir ya leƙa yana tauna. Ya ce, "Wannan baƙi-baƙin fa?"

"Huji ne. Da shi suka zura igiya."

"Ƙara masa girma."

Ta ƙara. Hujin ba zagaye yake sosai ba, a gefe ɗaya akwai ɗan tsini da ya shigo ciki, kamar haƙorin ɓera.

"Na kusa da shi," in ji Dardir.

Shi ma haka. Na ukun ma haka. Nagwa ta fara bayani cewa wataƙila kayan aikinsu na tagulla ne, ba ya yanka sumul, amma uban ya riga ya ajiye lomar da ke hannunsa. Ya wanke hannu ya fita rumfa, kuma ranar ba mu ji guduma ba. Badriyya ta ce a rabu da shi, halinsa ne, ni kuma na cinye masa cinyar zomonsa.

Ranar Lahadi sai ga shi a asibiti, wai ƙirjinsa ke ciwo. Na ɗauki hoton, huhunsa fes, duk da shekara hamsin na shisha.

Na ce, "Baban Nagwa, ƙirjinka ya fi nawa lafiya. Me ya sa ka shiga jirgin fito?"

Ya tura ƙofa da ƙafa ta rufe. "Mai hoto, injin nan naka yana sanin yaushe aka yi abu?"

"Yana nuna abin da ke nan ne kawai. Yaushe da wane ne, mu muke ƙarawa da bakinmu."

"To bakinku ya yi ƙarya."

Ya zauna a kan kujerar marasa lafiya ya ba ni labarin da ya shekara talatin da uku yana riƙe da shi. Mahaifinsa ne ya gaya masa, kwana uku kafin ya cika. A shekarun yunwa da zazzaɓi, lokacin yaƙin Turawa, Azab yana matashi da 'ya'ya biyu a kwance, wani ɗan kasuwa ya zo dutse neman mumiya cikakkiya. Waɗanda ke ramin ƙarƙashin gidansu duk ɓarayin dā sun riga sun farfasa su. Ɗaya ce mai kyan gani, amma ba ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Sai Azab ya je ga wata gawar, ya karya tata, ya kawo ya haɗa. Ya ciro zarba biyu daga wani tsohon kejin tattabaru ya ɗaure, ya narka tsohon ƙaron da ya kankaro a ramin ya zuba a mahaɗar, ya naɗe da tsohon likkafani. Sau ɗaya ya yi a rayuwarsa. Ba a daɗe ba aka kama ɗan kasuwar, hukuma ta zo ta kwashe sauran gawarwakin, kuma ba wanda ya ambaci sunan Azab.

"Ƙarfen hujinsa ya taɓa faɗuwa a kan dutse, bakinsa ya ɓantare," in ji Dardir. "Duk hujin da ya yi da shi, da wannan haƙorin yake fita. Ko a mafarki na gan shi na san shi."

"Me ya ce maka da zai rasu?"

"Ya ce, 'Dardir, na je Makka na dawo, amma ranar tashi mutum biyu za su riƙe mini riga. Ɗaya yana neman ƙafarsa, ɗaya yana neman inda zai ajiye ta wani.' Yana kuka yana faɗa."

Da ma a ce shawara ta gari na ba shi. Ce masa na yi ya rufe bakinsa. Na ce yanzu ba a kwance mumiya, hukuma ta hana, ba mai ganin zarbar nan da ido har abada. Na ce ya tuna sunan mahaifinsa, mutum ɗaya tilo da dutse ke taƙama da shi, ya tuna yarinyar nan da sunan nan take kare kanta a Alƙahira. Na ce shekara ukunta zai zubar a ƙasa.

"In wani ya gano bayan shekara goma fa?" ya tambaye ni.

"Wa zai gano? Masu digiri ba su san zarba ba."

"Ni na sani," in ji shi. Ya ɗauki hoton huhunsa ya naɗe kamar tabarma, abin da na hana mutane yi shekara talatin, ya fita.

Kwana goma sha biyu bai ce komai ba. Badriyya ta kira ni a waya ta ce mijinta ya lalace: yana huda zarba a inda ba a hudawa, ya ɓata ɗauri guda, ya daina zama a ɗakin da hoton mahaifinsa yake. Ni kuma ina ganin Nagwa kullum tana gyara waƙafi a kundinta, tana tambayata wace riga za ta sa. Gaskiya na ji kunya, amma ban buɗe baki ba.

Juma'ar ƙarshe kafin tafiyarta aka sake kawo Ammu Sabir don wasu hotuna da malaminta ya nema. Mun gama ke nan sai na ji mai gadi yana gardama a waje. Na leƙa, sai ga Dardir da farar jallabiyarsa ta zuwa masallaci, ɗauke da gadon jarirai a ka, ɓawon albasa na zubo masa a kafaɗa.

"Baba, lafiya?" in ji Nagwa. "Me ya sami Mama?"

"Lafiyarta lau, tana can tana zagina saboda albasarta." Ya sauke gadon. "Mai hoto, sa wannan a injinka."

"Gado zan sa a na'urar asibiti?"

"Ka sa gawa ma."

Na sa. Hoton ya fito, sanduna a jere, huji a jere. Dardir ya ce wa 'yarsa ta ƙara wa ɗaya girma, sannan ta ɗauko na ƙafar mutumin ta ajiye kusa da shi. Ta yi. Haƙorin nan yana nan a duka biyun, gefe ɗaya, girma ɗaya.

Ta fi kowa a ɗakin iya karanta hoto, saboda haka ba ta buƙaci dogon bayani ba. Tambaya ɗaya ta yi. "Wa ya yi gadon nan?"

"Kin sani."

Sai ya gaya mata komai, a tsaye, yana kallon ƙasa, bai rage ba, bai kuma nema wa mahaifinsa uzuri ba. Ni ne na tsoma baki na ce ai yunwa ce, yara biyu a kwance, ya ce, "Yi shiru, mai hoto."

"Shekara uku, Baba," in ji Nagwa.

"Na sani."

"Ranar da na nuna maka ka gane. Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Tsoro nake ji."

"Tsoron hukuma? Mutumin ya rasu tun ina jaririya."

"Tsoronki. Ke kaɗai gare ni, kuma shi kaɗai ne abin da na ba ki na taƙama. Ni ban da komai sai zarba."

Ta juyo kaina ta ce, "Kawu, kai ma ka sani?" Na ce tun kwana goma sha biyu. Ta ce, "Da tsawon ƙashin fa?" Na ce wannan tun shekara uku. Ta rufe kwamfutarta ta fita, ta bar mu da gawa da gadon albasa.

Mako guda ba ta tsallaka kogi ba, a masaukin likitoci ta zauna. Dardir bai neme ta ba, amma kowace yamma yakan je bakin mashigin jirgin fito ya zauna har jirgin magariba ya sauke mutane, sannan ya koma gida.

Ranar da ta kira Dakta Hilmi ina wurin, domin ta ce in zauna in ji abin da shiruna ya jawo. Ni dama ba na ƙaunar mutumin, irin mutanen Alƙahiran nan ne da ke shiga ɗaki ba sallama. Na shirya jin ya wanke ta tas. Ta gaya masa ƙafar aro ce, farin abin ƙaro ne, mai ɗorin kuma kakanta ne. Bai yi faɗa ba. Sai kawai ya ce, "Mahaifin naki yana da rai? Idonsa na gani?"

Ta ce eh.

Ya ce ma'ajiyoyin ƙasar nan cike suke da mumiyoyin da suka bi ta hannun 'yan kasuwa, kuma Allah kaɗai ya san nawa aka yi wa irin wannan gyara, ana ta rubuta littattafai a kansu. Ya ce ɗorin zamanin dā an taɓa gani, amma bai taɓa jin wanda ya zauna ya rubuta yadda za a bambanta hannun dā da hannun jiya a hoto ba. Ya ɗage mata ranar da shekara ɗaya. Na yarda na zalunci mutumin a zuciyata, ko da yake har yanzu ba ya sallama.

Da yammar nan ta hau jirgin fito. Ba na wurin, amma mai sayar da shayi na mashigi ya ba ni labari. Ya ce ta sauko ta tsaya a gaban uban, ta ce, "Baba, Juma'a ƙarfe bakwai. Kada ka makara, kuma ka bar wa Mama gadonta." Shi kuma ya ce to.

Haka Dardir ya zama ma'aikacinmu na Juma'a, ba takarda ba albashi. Na saya masa tabarau, ya ce na makafi ne, amma ya sa. Yakan zauna kusa da allo da rawaninsa, Nagwa na juya hoto, shi yana faɗa. Wannan sandar da wuƙar ƙarfe mai lanƙwasa aka fere ta, irin tamu. Wannan ɗanya aka yanke ta, ga yadda ta murɗe. Wannan ba aikin mai sana'a ba ne, ko jaki ya fi shi iya ɗauri. Sau da yawa kuma yakan ce, "Ban sani ba," sai ta rubuta hakan ma, ta ce ita ce kalmar da ta fi ƙaranci a littattafansu. Ba kullum yake dacewa ba. Akwai wani ƙulli da ya rantse na mutanen dutse ne, irin wanda ake ɗaure kaya a kan jaki da shi, aka aika ɗan zaren Alƙahira aka gwada, ya fito na shekara dubu biyu. Kwana biyu yana fushi, sannan ya ce, "To ashe tun can haka ake ɗaure jaki." Cikin mumiya arba'in da ɗaya, shida suka samu da hannun baya a jikinsu.

A wata na bakwai aka kawo lamba talatin da uku. Dogon mutum ne, a farfashe, rajista ta ce daga wani rami a dutse aka kwaso shi tare da wasu. Ba shi da ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa. Nagwa ta ɗauko bakin karayarsa a allo, ta ɗauko bakin ƙashin da ke ƙafar Ammu Sabir, ta matso da su a hankali. Suka haɗu kamar ɓarin faranti biyu.

Dardir ya ce a mayar wa mutum da abinsa. Nagwa ta ce ba za a yarda a kwance ba, kuma ita ma ba za ta yarda ba, an taɓa su da yawa. Ya yi ta gunaguni har mota ta tafi. Abin da ta iya samu a wurin sufeton ma'ajiya shi ne a raba su da inda suke, ɗaya a wannan ɗaki ɗaya a wancan, a kwantar da su a kanta ɗaya, gefe da gefe. Sufeton ya ce bai taɓa jin dalili irin wannan ba, amma ya sa hannu.

Kafin ta miƙa sabon kundin ta tambayi uban ko ta sa sunan kakanta ko ta ce wani mutumin dutse. Ya ce ta sa, da Hajjin da komai. Labari ya zaga unguwa, an yi surutu na wata ɗaya, wasu tsofaffi biyu suka daina gaishe shi. Wasu uku kuma suka zo rumfa ɗaya bayan ɗaya, suka sha shayi, suka ce su ma akwai abin da iyayensu suka gaya musu, ko Dakta za ta so ji. Mun je Alƙahira ranar gabatarwa, ta ci da yabo, Dardir ya yi barci tun a shafi na uku. Sunana na nan a shafin godiya, ko da yake ban cancanta ba.

Da muka dawo, ranar Alhamis bayan la'asar, ya ce mu je maƙabarta. Ya yanko ɗanyar zarba mai ganye, irin wadda muke kafawa a kan kabari, ya riƙe. Nagwa ba ta taka wurin ba tun ranar gadon albasa, kuma ban zaci za ta zo ba, amma muna fita sai ga ta a bayanmu.

Dardir ya tsuguna a gefen kabarin ya yi Fatiha. Sannan ya ce, "Baba, an samo mai ƙafar. Ba a ba shi ba, amma suna kwance kusa da juna, ko taku ɗaya babu a tsakaninsu. In an busa ƙaho, miƙa hannu kawai zai yi ya ɗauki abinsa."

Ya ɗaga zarbar zai kafa, sai Nagwa ta karɓe ta daga hannunsa. Ta durƙusa ta kafa da kanta, ta danna ƙasa a gindinta, ta zuba ruwa.

"Kaka," in ji ta, "ɗorinka ya ruɗe likita shekara uku. Gadonka kuma har yanzu ko sanda ɗaya ba ta saki ba. Allah ya yafe maka, ni dai jikarka ce."

Dardir ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska. Muka tsaya muna jiransa har ya gama.